Kwanon Tangaran na Goggo Daso

Malama Raliya ta fara koyar da adabin Turanci a wata makarantar 'yan mata da ke Lafiya a shekarar 1978, ni kuwa ina koyar da Hausa a ajin da ke kusa da nata. Marainiya ce. Ƙanwar mahaifinta, Goggo Daso, Bafillatanar da ta zauna a Kwandere, ita ta raine ta, ta kuma dage sai da aka sa ta makaranta.

Cikin littattafan jarrabawa akwai na wata Baturiyar Ingila ta zamanin da, wadda salonta ya shiga ran Raliya. Takan ce mini, "Malam, matar nan ba ta rubuta yaƙi ba, ba ta rubuta sarauta ba. Gidaje uku ko huɗu ta kama a ƙauye guda: wa ya ziyarci wa, wa aka zaunar a ina. Ba ta zagin kowa. Takan bar mutum ya yi ta zuba har ya tona kansa, ita tana gefe kamar ba ruwanta."

A 1984 Raliya ta rubuta nata labarin da Hausa bisa wannan salo, ta kawo mini in duba. Na gyara abin da na gyara, na yaba. Ban tambaye ta ko wace ce tsohuwar da ke ciki ba, kuma har yau ina nadamar haka.

Goggo Daso tana da al'ada: idan babban baƙo ya zo, a kwanon tangaran take dama masa fura, ta ja gaisuwa har ta tambayi dabbobinsa. Na gida kuwa ƙwarya ce tasa, da tsawa. Raliya ta canja sunan, ta canja garin, amma ta bar kwanon, ta bar yadda tsohuwar ke leƙa takalman baƙo kafin ta yanke shawarar abin da za ta ɗauko.

Lami, matar ɗan Goggo, ta ari rubutun, ta karanta wa mata a wani taron suna. Aka yi ta dariya. Wata ta ce, "Wallahi Daso ce! Shi ya sa ran da na zo da silifa aka ba ni ƙwarya!" Goggo na zaune a wurin.

Ranar Asabar Raliya ta je Kwandere kamar kullum. Da, tun daga ƙofa takan ji, "Ke 'yar boko, sai yanzu? Ɗauki ƙwaryarki." A wannan rana sai Goggo ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma.

"Sannu da zuwa, Malama. Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya mutanen Lafiya?"

"Goggo, ni ce fa."

"Na gane ki, Malama. Lami, kawo tangaran."

Raliya ta durƙusa ta roƙi gafara, ta ƙone rubutun a murhun gidan. Goggo ta ce, "Ai ba komai. Abin da baƙo ya gani, shi yake faɗa."

Shekara tara tana zuwa duk Asabar, tana fatan a yi mata tsawa ko sau ɗaya. Ta aika dattawa, Goggo ta karɓe su da mutunci, ta ce ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Tangaran dai bai fasa fitowa ba.

Goggo Daso ta rasu da daminar 1993. Da aka zo kwashe kayan ɗakinta, sai aka sami wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, a naɗe cikin zane, rataye a ragaya. Lami ta ce ƙwaryar Raliya ce, tun ranar sunan nan ba a yarda kowa ya sha a cikinta ba, kuma duk Asabar da safe Goggo takan sauke ta, ta wanke, ta mayar.

Raliya ta ci gaba da koyarwa har 1996, amma ta roƙi a ba wani malami koyar da littafin Baturiyar nan. Ƙwaryar tana wurinta. Ba ta sake iya shan komai a ciki ba.