Mai Guga da Hoton Ƙashi

Shekara talatin da huɗu ke nan Mai Guga yana tsaye a gaban teburi ɗaya, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, tsakanin shagon aski da na mai gyaran waya. Teburin ya lotsa a tsakiya, bargon da ke kansa ya ƙone a wuri uku, amma ka ce a canza ka ga ɓacin rai. Da dutsen guga na gawayi ya fara, ya koma na lantarki yana gunaguni, har yau kuma na gawayin yana nan a lungu don ranar da aka ɗauke wuta. Tsabtarsa har ta yi yawa. Bai taɓa fita da riga mai tabo ba, kuma idan kuna gaisawa ba fuskarka yake kallo ba, wuyan rigarka yake dubawa. Matarsa takan ce da za a biye masa, da tsumman goge ƙasa ma sai ya sha kari.

Akwai abu ɗaya da ya fi kowa sani a layin nan, wato zafi ba ya tafiya don ka ɗage dutsen guga. Zama yake yi a cikin zare. Shi ya sa ba ya ninke riga sai ya ɗora ta a kumatunsa ya ji ta huce. Da wannan ma'auni yake auna duniya baki ɗaya. Maganin cire tabo yakan kwana biyu a hannu, hayaƙin gawayi yakan zauna a cikin kaya, don haka a wurinsa duk abin da ya shiga jikin abu sai ya ɗauki lokaci kafin ya fita. Wannan ilimi bai taɓa ba shi kunya ba, sai a shekarar da Auta ta haihu.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, ita kaɗai ce mace bayan maza uku da aiki ya kai su nesa. Shekara shida da aure ba ta samu haihuwa ba, sai ga ciki, har ya shiga wata tara. Mai Guga ba mai yawan magana ba ne, amma tun cikin yana wata biyar ya fara goge 'yan rigunan jarirai yana jerawa a kwali, ya goge, ya sake gogewa, kamar wani ne ke shiga ya yamutsa su.

Wata safiya ya zame a kan ruwan sabulu a ƙofar shago, ya dafa ƙasa da hannun dama. Kafin azahar wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum. Surukinsa, mijin Auta, direban bas ne, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti, likita kuma ya ce a je a ɗauki hoton ƙashi.

Mai Guga mutum ne mai lura, abin da ya cuce shi ke nan. A ƙofar ɗakin hoton ya ga zanen mace mai ciki an ja masa jan layi. Ya ji ma'aikaciyar ɗakin, wata doguwar mata mai gilashi, tana tambayar matar da ke gabansa ko tana da juna biyu. Da aka zo kansa ta shimfiɗa hannunsa a kan wani faranti, ta rufa masa wata riga mai nauyin tsiya a cinya, ta ce kada ya motsa. Sannan ita da kanta ta wuce bayan bango mai kauri, ta leƙo ta wata 'yar taga, ta danna abin da za ta danna. Bai ji zafi ba, bai ga komai ba. Amma ya ga cewa mai ɗakin ma ba ta yarda ta tsaya kusa ba.

Ƙashi bai karye ba, targaɗe ne. Da la'asar Auta ta zo duba shi, tana tafe tana nishi. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannun a kan matashin da ke cinyarta, dab da cikin, ta yi ta shafa masa magani tana yi masa faɗan rashin sa takalmi mai kama ƙasa. Ya ji daɗin faɗan ƙwarai. Zanen nan na ƙofar asibiti ko tuna shi bai yi ba.

Bayan kwana huɗu ta haifi 'ya mace. A kwana na biyu idanun jaririyar suka yi rawaya, aka ce shawara ce, aka kwantar da ita a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila da ƙyalle a idonta. Ta bayan gilashi Mai Guga ya fara ganin jikarsa, a nan kuma zanen ya faɗo masa a rai. Ya haɗa lissafin a tsaye. An harba masa wani haske mai ratsa nama har ƙashi, hasken da ake korar masu ciki daga gare shi, shi kuma ya ɗauki hannun da bai huce ba ya ajiye a jikin cikin 'yarsa. Ga sakamako nan kwance cikin akwatin gilashi. Ya sa hannun a aljihu ya fita ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Da ya tambayi likita a ranar, da an gama. Amma Mai Guga yana jin kunyar tambayar wanda ya haifa a shekaru, kuma ya fi jin tsoron amsar. Sai ya kai maganar layinsu, a fakaice, wai wani abokinsa ne abin ya samu. Mai aski, wanda bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka haife shi, ya ce hasken yana kwana arba'in a jiki, wani ma har wata uku idan jininsa mai kauri ne. Mai gyaran waya ya ce ya gani a wani bidiyo madara tana wanke shi. Mai Guga ya sha madara kwana uku a jere har cikinsa ya yi masa bore, ya riƙa zarya tsakanin teburi da banɗaki.

Aka sallami mai jego da 'yarta a kwana na biyar, rawayar ta washe. Shi dai bai shiga gidan Auta ba. Kullum da hantsi zai zo da kayan jaririya a goge, da hannun hagu ya goge su, na daman yana naɗe da tawul, kuma sai sun kwana a kan igiya kafin ya yarda sun huce. Zai tsaya a ƙasan bene ya miƙa wa surukin kwalin, ya tambayi lafiyarsu, ya juya. Surukin ya yi ta roƙonsa ya hau, ya ce aiki ya yi masa yawa. Wani lokaci yakan jiyo kukanta ta taga, ya tsaya a bakin titi yana saurare har ta yi shiru. Kewarta yake yi, ita da bai taɓa riƙewa ba, kuma yana jin kansa mai laifin da ba shi da bakin neman gafara.

A kwana na tara matarsa ta ajiye masa abinci, ta tsaya a kansa. Ta ce ita ta gaji da rufa masa asiri, Auta kullum sai ta yi kuka. Ta ce yarinyar ta aiko a tambaye shi abu ɗaya.

"Ta ce in tambaye ka, Malam, ko don mace ce?"

Bai ci abincin ba. Washegari ya sa farar rigarsa wadda ta fi kowace kari, ya koma asibiti, ya zauna a kan bencin ƙofar ɗakin hoto har layi ya ƙare. Da doguwar matar nan ta fito, ya miƙe ya gaishe ta da ladabin da bai saba yi wa na baya ba, ya ce tambaya gare shi. Ya ce hasken da ta sa masa a hannu, kwana nawa yake yi kafin ya huce? Da ya fara kuma sai maganar ta ɓalle, ya faɗa mata komai, matashin, fitilar, madarar.

Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta shigar da shi ciki, ta kunna wani farin allo mai fitila da ake duba hotuna a kai, ta ce ya ɗora tafinsa. Haske ya zagaye yatsunsa, gefensu ya yi ja. Sai ta kashe.

"Baba, ina hasken yake yanzu?"

Ya juya hannun ya duba, ya ce ya tafi. Amma ya ce ita ba ta san guga ba, dutse ma ana ɗage shi, zafin kuma yana nan.

"Wannan ba dutsen guga ba ne, Baba, fitila ce. Hasken ya ratsa hannunka ya faɗa kan farantin cikin ƙiftawar ido. Ina ɗage yatsana ya ƙare. Ba ka fita daga ɗakin nan da ko ɗigonsa ba."

Ya tambaye ta to me ya sa ta gudu bayan bango. Ta tambaye shi sana'arsa, da ya faɗa mata sai ta ce wanda ya shigo shagonsa sau ɗaya karɓar riga, hayaƙin gawayi ba zai dame shi ba, amma wanda yake tsaye a ciki shekara da shekaru dole ya buɗe taga. Shi sau ɗaya aka ɗauke shi, ita kuwa takan danna sau hamsin a rana. Zanen ƙofar kuma don kada hasken ya faɗa kan cikin kai tsaye ne lokacin da na'urar ke kunne, bai shafi wanda aka riga aka ɗauka ba. Shawarar jarirai kuwa, ta ce abu ne da ake gani kullum a ɗakin haihuwa, hantar yaro ce ba ta gama kama aiki ba. 'Ya'yanta biyu duk sun kwanta a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nan, kuma babu wanda kakansa ya yi targaɗe.

Ya zauna a kan kujerar marasa lafiya. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa irin wanda ya manta da shi tun ranar da ya ga jikarsa ta bayan gilashi. Ya warware tawul ɗin daga hannunsa, ya ninke shi gida huɗu saboda sabo, ya yi dariya, sai kuma ya ga yana share ido da shi. Ya yi mata godiya har ta ji nauyi, ya ce duk ranar da take da guga ta aiko, har farar rigar aikin nan, don wuyanta bai kwanta daidai ba.

Bai biya ta shago ba. Ya hau benen gidan Auta yana haki, ya yi sallama. Tana zaune a bakin gado, ta gama shayarwa, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Ya durƙusa a gabanta ya ba ta labarin tun daga zanen ƙofa. Da ya kai kan madara ta kasa daurewa, ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ce shi da yake auna komai da kumatu, ya rasa wanda zai tambaya sai mai aski.

"Miƙo hannun, Baba," ta ce. "Na daman."

Ta ɗora masa ita. Ba ta kai nauyin zanin gado biyu a ninke ba. Ya ɗaga ta a hankali ya kai kumatunta kan nasa, ya ji ɗuminta. Jaririyar ta yi miƙa, ta yi gyatsa, ta mayar da nonon da ta sha a kan kafaɗar farar rigar, ya gangaro har aljihu. Auta ta zabura ta ɗauko tsumma da ruwa, don ta san halin ubanta.

Ya ce ta bari.

Haka ya dawo layinsu da rana tsaka, a ƙafa, tabon yana bushewa a kafaɗarsa. Mai aski ya leƙo ya ce masa, Baba, wani abu ya zuba maka a riga. Mai Guga ya ce ya sani, jikarsa ce, ya buɗe shago ya kunna dutsen guga.