Sandar Matar Gangare

Duk wanda ya taɓa gayyatar Malam Gangare gidansa ya san halinsa. Kafin ya gama amsa gaisuwa idonsa yana ƙasa, ba don kunya ba kuwa, daɓen gidanka yake dubawa. Kana tambayarsa iyali, shi yana can yana tunanin inda ruwa zai bi in aka kifar da buta a tsakar ɗakin. Ba ya doguwar magana bai ce "gangare" ba, daga nan sunan ya kama shi, har ta kai 'ya'yan cikinsa ma sai sun ɗan yi tunani kafin su tuna sunansa na yanka.

Da haƙar kwata a bakin titi ya fara yana saurayi, ya koma sa tayil a banɗakunan mutane, har ranar da aka kira shi wani otal da ruwa ke kwanciya a gefen wurin ninkayarsu. Tun daga ranar ya samu abin da ransa ke so. Shi ba ya gina ramin ninkayar. Nasa aikin shi ne daɓen da ke kewaye da ramin, inda mutane ke fitowa suna ɗigar ruwa, da siririyar kwatar da ke zagaye wurin, da ragar ƙarfen da ake rufe kwatar da ita. In ka ba shi dama sai ya yini yana maka bayani: daɓe ya ɗan karkata kaɗan, yadda ƙafa ba za ta ji ba amma ruwa ya ji, kuma ya karkata ya nufi kwata, kada dattin ƙafafu ya koma cikin ramin. Abin dariyar shi ne duk shekarun nan da ya yi a bakin ruwa, bai taɓa tsoma ko babban yatsansa ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ni da ruwa maƙwabta ne. Ina nuna masa hanya, ba na shiga gidansa."

Yana da wata ɗabi'a da abokan aiki suka daɗe suna yi masa tsiya a kanta. In ya gama daɓe, sai ya sa a kwarara bokitan ruwa a kai, ya ɗan jira, sannan ya cire takalmi ya zaro farar safa daga aljihu ya sa, ya zagaye wurin kaf. In ya ɗaga ƙafa ya ga safar ta jiƙe jagab, to akwai inda ruwa ya kwanta, kuma sai an ɓamɓare tayil ɗin wurin ko da mai aikin zai yi kuka.

Safar tana da dalili. Matarsa a da girki take yi a wata makarantar kwana, mace mai zafin nama, wadda in tana tafiya sai ka ɗan yi gudu ka kamo ta. Wata rana ta taka ruwan da ya kwanta a ɗakin girki, santsi ya kwashe ta da tukunya a hannu, ƙugunta ya karye. An yi ɗori, an yi aiki, ta tashi, amma da sanda. Ciwon ma bai kai tsoron ba. In ta ga daɓe yana ƙyalli sai ta ja ta tsaya cak, ta gwammace ta koma gida da ta taka shi. A makon da aka sallamo ta Gangare ya sayi safarsa ta farko. Ita ce kuma ke wanke masa su, tana mita: "Mazan mutane suna dawowa da tsaraba, ni nawa da ƙazamar safa."

To, sai ga aikin da ya hana shi zama wuri ɗaya. An gina zauren motsa jiki a bayan unguwarsu, da ramin ninkaya na ruwan ɗumi, mai matakala da ƙarfen riƙewa, aka kuwa ba shi daɓen. Da ma likitan ƙashi ya sha gaya wa matar cewa tafiya a cikin ruwa za ta saki ƙugun, don ruwa yana ɗauke wa mutum nauyinsa. Ita kuwa ta ce ta yaya za ta kai ga ruwan, tunda duk kewayensa jiƙaƙƙen daɓe ne? Ranar da aka ba shi aikin, Gangare ya dawo gida bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Mutuniyar, an gama! Ni zan yi daɓen. Ni da hannuna. Za ki taka shi kamar kina taka tabarmar ɗakinki."

"Zauna ka ci abinci, Malam, kana ta rawar jiki kamar wanda aka yi wa albishir da mota."

Bai taɓa zuba wa aiki rai irin wannan ba. Ya zaɓi tayil mai kaushi, ya ƙi mai ƙyalli duk da manajar wurin ta so shi. Ya kwanta rub da ciki yana duba karkatar daɓen da ido ɗaya. Da aka zo kan ragar kwata, ya tafi wajen ƙanin matarsa mai walda, wanda furfura ta cika masa kai amma har yau Auta ake kiransa, ya ce a buɗa tsakanin ƙarafan sosai. "Ka ba ruwa ƙofa, Auta. Kada ya tsaya yin sallama, ya faɗa kawai." Ranar gwaji aka kwarara ruwa, kafin a ajiye bokiti ya ɓace. Gangare ya zagaye da safarsa, ya ɗaga ƙafa ya nuna wa kowa, har da mai gadi. Sannan ya roƙi manaja alfarma ɗaya, ta bar matarsa ta zama ta farko kafin a buɗe wa jama'a. Manaja ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ko ba ka roƙa ba."

Da ƙyar ya lallaɓo ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ruwan da ke sheƙi, shi yana gabanta yana tafiya da baya, yana zuba kamar mai tallar magani. Ta taka. Ta sake takawa. Daɓen a bushe ƙayau, fuskarta ta fara sakewa. Saura kaɗan ta kai matakala ta ɗora sandarta a kan ragar kwata, bakin sandar ya zurma tsakanin ƙarafa. Jikinta ya tafi gaba ɗaya. Allah ya sa yana kusa, ya tare ta da ƙirjinsa.

Ba ta yi masa faɗa ba, shi ya fi masa ciwo. Ta zare sandarta ta ce a hankali, "Ka yi wa ruwa hanya, Malam. Ni ba ka yi min ba. Mai da ni gida."

Gaskiya ta faɗa, kuma ya sani. Shekara da shekaru yana gwada daɓe da tafin ƙafarsa mai faɗi kamar faranti, bai taɓa tunanin abin da ya fi ƙafa siranta ba. Ya mai da ita gida ransa a ɓace. Amma Gangare ba mutum ne da baƙin ciki ke daɗewa a jikinsa ba. Washegari da safe, matar tana zaune tana tsintar shinkafa, sai ta miƙa hannu ta ji wayam. Sanda ta yi ƙafa.

Can rumfar walda aka gan shi yana kaɗa ta a sama. "Auta! Ga ma'auninmu! Raga sabuwa za mu yi, wadda bakin wannan ba zai shiga ba."

Auta ya ɗage gilashin walda ya dube shi. "Yaya Gangare, sandar Yayata ka sato? Ka bar ta a zaune? Wallahi ni ba ruwana in ta zo."

"Da me za ta zo? Kawo ƙarfe!"

"In na matse tsakanin, ruwanka zai tsaya sallama fa."

"Sai mu rage kaurin ƙarafan mu ƙara yawan ƙofofin. Ƙanana, amma birjik. Kai, yatsan ƙafar yaro ma kada ya shiga. Me ya sa ban taɓa tunanin yara ba? Da masu sanda? Da masu keken guragu? Auta, ashe duk shekarun nan rabin aiki nake yi!" Yana faɗa yana dariya, kamar wanda ya tsinci abu, ba wanda ya gano kuskurensa ba.

Ta farko da suka yi ta matse da yawa, ruwa ya taru a kanta. Ta biyu ta lanƙwashe da Auta ya hau kai. Ta uku ce ta yi. Gangare ya kwarara mata bokiti a bakin rumfa, ruwan ya shige, ya caka mata sanda ta kowace kusurwa, ta ƙi shiga. Ya daka tsalle irin wanda gwiwarsa ta daɗe da mantawa. Ya je ya gaya wa manaja laifinsa ne, zai canza ragar duka. Bayan an shimfiɗa sabuwar, manaja ta leƙo ta tagar ofis ta ga dattijo sanye da farar safa, yana bin kwata da sandar mace yana caka, yana gyaɗa kai. Ta fasa tambaya.

Saura babban aikin. Matar ta ce ita da wurin nan har abada, kuma in ya sake taɓa mata sanda sai ta gwada ta a bayansa. Bai yi musu ba. Ya dawo da yanki ɗaya na sabuwar ragar, ya ɗora shi a kan 'yar kwatar da ke ƙofar ɗakin girkinsu. Dole in za ta shiga ta bi ta kai. Ranar farko ta tsallake tana harararsa. Rana ta biyu ta taka da ƙafa, sandar a ɗage. Shi kuwa ya zama kurma, sai satar kallo ta bayan labule, kamar saurayin da ya aika saƙo yana jiran amsa.

Wata safiya ya fito ya same ta tsaye a kan ragar, tana caka mata sanda ta tsaye, ta karkace, ta gefe, da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Ta ji motsinsa, ba ta juyo ba.

"Duk irin wannan ce a can?"

"Duk. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sandarki."

"Ɓarawo." Ta juyo. "Ina dogayen kayan nan da ka ce ana shiga ruwa da su?"

Gangare ya ruga ɗaki har yana tuntuɓe da buta.

Wurin ba kowa sai manaja da ta buɗe musu ta koma ofis. Wannan karon bai yi surutu ba. Ya sa safarsa don girmama ranar, ya bi gefenta, hannunsa a shirye amma bai taɓa ta ba. Ta zo kan ragar ta tsaya. Ta ɗora sanda, ta danna, sannan ta tsallaka. Ta kama ƙarfen matakala ta sauka, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Sai ta miƙo masa sandar.

"Riƙe min wannan."

Ya karɓa. Ta saki ƙarfen. Ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta sake ɗagawa, hannayenta a buɗe a kan ruwan, ga ta nan tana tafiya ba ta jingina da komai ba. Ta kai tsakiya ta juyo, har da ɗan saurin nan nata na da, wanda ya cire rai da sake gani.

"Malam! Malam, ka gani? Ba nauyi! Wallahi ba nauyi!"

Ta fashe da dariya, ta ɗebo ruwa da hannu biyu ta watsa masa. Safar ta jiƙe sharkaf. Ruwan ya gangara ya bi hanyar da ya yi masa, amma karo na farko a rayuwarsa Gangare bai duba inda ruwa ya bi ba. Matarsa yake kallo, hawaye na zuba, ba ya ko sharewa.

"To tsayuwar me kake? Shigo."

"Ni? Mutuniyar, kin san ni da ruwa..."

"Ni ma ka san ni da daɓe. Shigo, na ce."

Ya dubi ruwan, ya dubi ƙafafunsa. Ya sauko matakalar farko da safarsa, yana dogara sandar matarsa. Ta tako ta zo inda yake, ta zare sandar ta ajiye a bakin ramin, ta kama hannuwansa biyu.

"Daina kallon ƙasa," ta ce. "Riƙe ni, ba za ka faɗi ba."