Kwalbar Rifkatu

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Tun da na ajiye aiki wasunku ke tambaya me ya kai ni binciken ciwon daji na mama har na tsufa a kansa. Nakan ce sha'awa ce. Ba sha'awa ba ce, kuma na gaji da faɗin haka.

A farkon shekarun casa'in ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti a Maiduguri, muna zaune a unguwar Gomari. Aikina in yanka tsokar da aka ciro daga jikin marar lafiya siriri-siriri, in rina ta a kan gilashi, likita ya duba a madubin ƙara girman abu.

Bayan na yaye autana, ina wanka na ji ƙullutu a mamana na hagu, kamar ƙwallon dabino.

Mahaifiyata ta ce, "Ragowar nono ne, Falmata. Ki riƙa gasawa da ruwan zafi."

Wata shida ina gashi. Ni da nake rina irin wannan tsoka kullum. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da aka ciri ɗan yanki don gwaji, kunya ta sa na rubuta sunan wata a kan gilashin, don kada abokan aiki su sani. Likitan ya daɗe a kan madubi, sannan ya ce, "A nemo baiwar Allahn nan cikin makon nan. Ina ta shiga tuntuni?"

Na ce, "Likita, ga ta a tsaye."

Aka cire maman. Aka yi mini ƙarin ruwan maganin daji sau da yawa, gashi ya zube, ƙanshin miyar da nake so ya koma tayar mini da zuciya. 'Yan kunnen gwal na aurena wajen biyan magani suka tafi. Na ji tsoro, tsoro sosai, musamman idan na ga yarana suna cin abinci.

Daga nan aka ɗora ni a kan wata ƙwaya, ɗaya kullum, na shekaru. Akwai sinadarin mata da jikinmu ke fitarwa, wani ciwon dajin da shi yake rayuwa. Ƙwayar tana tare masa hanya, sai ya kwana da yunwa.

A layin ganin likita na haɗu da Rifkatu, malamar firamare daga unguwar Dala, 'yar kudancin Borno. Ciwonmu ɗaya, ita ma an cire mata mama guda, ƙwaya ɗaya. Takan zo da soyayyar gyaɗa a ƙulle a bakin zane, ta ce, "Ya Falmata, mu biyu in an haɗa mu ai mace guda ce cikakkiya." Mata su yi ta dariya har nas ta leƙo.

Bayan shekara biyu nata ya dawo, a ƙashin baya.

Matan layi suka ce ko tana tsallake sha. Ba ta taɓa tsallakewa ba, a bayan littafin waƙoƙinta na coci take jan layi kowace safiya.

Wata ranar Talata ta jawo ni gefe, ta fito da kwalbarta.

"'Yar'uwa, mu yi musaya. Naki yana ji, nawa ba ya ji. Wataƙila hannunki ne mai sa'a."

Haka matan layin nan ke yi, wadda ta samu sauƙi a karɓi magani daga hannunta. Na san kamfani ɗaya ne, kwali ɗaya aka ɓare mana. Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na fasa. Na miƙa mata tawa, na karɓi tata.

Wata uku muna haka. Ba abin da ya sauya.

Zuwana na ƙarshe gidanta tana kwance a tabarma, mijinta na yi mata fifita. Ta ce, "Ke da kike kallon abin nan a madubi, gaya mini, me ya sa ya ji ki, ni ya ƙi ni?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To ki je ki duba."

Ba ta kai ƙarshen watan ba.

Na koma makaranta da yara huɗu da mama ɗaya. Shekaru kusan talatin ina renon ƙwayoyin halittar ciwon nan a faranti, ina ba su maganin, ina kallon yadda wasu ke mutuwa, wasu su lafe, sannan su gano wata hanyar cin abinci ta bayan gida. Kullum muka toshe wata kafa sai su ɓullo ta wata. Mun fahimci kaɗan, mu da sauran masu bincike, har akwai magungunan da ake komawa gare su idan na farko ya daina aiki. Amma cikakkiyar amsar da Rifkatu ta aike ni nema, ban kawo ba. Idona ya gaji, bayana ya gaji.

Na gode wa Allah da ya bar ni na aurar da autan nan. Na gode wa likitan da ya yi mini faɗa, da mijina da bai taɓa kau da kai daga tabon ba.

Mata, in kin ji ƙullutu, kada ki yi wata shida kina gashi. Ki je, kuma ki rubuta sunanki na gaskiya. In an ba ki ƙwaya ki sha kullum, ki riƙa komawa ana dubawa ko da kin ji garau. In kuma ciwon wata ya dawo, don Allah kada ku ce sakacinta ne.

Kwalbarta tana cikin akwatina har yau, da sunanta a jiki. Babu komai a ciki. Ni na shanye ƙwayoyinta, kuma da su na warke.