Waƙar da ba ta da wurin tafi

A bazarar shekarar da Inna ta fara barina zuwa kasuwa da talla, wadda jikokina masu boko suka ce ta faɗo tsakiyar shekarun alif ɗari tara da ashirin, na tsuguna bayan rumfar masu gishiri a kasuwar Belbeji, ni da wata yarinya Bafulatana mai suna Dije, muna musayar waƙa. Rana ta take, raƙuma na kuka, awaki na zagaya ƙwaryar gujiyar da aka aiko ni sayarwa, ni kuwa ko a jikina. Na ba ta waƙar gaɗar da na fi ji da ita, wadda na samo wajen wata mai kitso 'yar Damagaram, na yi ta rera mata har ta zauna a bakinta. Sannan ta gyara zama, ta dubi ƙasa, ta fara tata. Doguwar waƙa ce, rabi Fulatanci rabi Hausa, tana tafiya sannu-sannu, ta ƙare da wata 'yar ƙara kamar ana kiran mutum daga nesa. Ban gane yawancin kalmomin ba, amma tsigar jikina ta tashi. Dije ta yi mini tambayar da aka saba yi, "Yaya ta faɗa miki?" Na ce, "Ta sa ni ƙishirwa." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to na ji ta daidai.

A wancan zamani waƙa a ƙafa take zuwa ƙasarmu ta Damargu. 'Yan ayari su zo da ita, fataken Kano su zo da ita, baƙuwar da ta kwana biyu a gari ta tafi ta bar wata. Mu 'yan matan ƙauyenmu a kwarin Tarka muna da dokar da ba wanda ya kafa mana, amma ba mai ƙetare ta. Waƙa da waƙa ake musaya, kuma wadda kika bayar ta bar bakinki ke nan. Wadda kika karɓo sai kin kawo ta gaban ƙawaye, a saurara sau ɗaya, kowace ta faɗi abin da ta ji. In ta karɓu ta zama ta gari. In ba ta karɓu ba, ki mayar wa mai ita ki karɓo taki, kuma kowa ya san wadda aka mayar wa waƙa an ci mata fuska, ko gaisuwa ba za ta ƙara haɗa ku ba. Ni ce mai ba da waƙa a dandali, saura su amsa. Ba murya ta ba ni wannan matsayi ba, don Barira 'yar maƙwabtanmu ta fi ni murya nesa ba kusa ba. Yawo ne ya ba ni, ni ce mai kawo sabuwa. Inna takan ce, "Habsu, ƙafarki da kunnenki sun haɗa baki, sai sun kai ki inda ba a aike ki ba."

Washegari da la'asar na tarar da ƙawayena a masussuka, ana ta bugun gero da sheƙa. Na sa suka jingine taɓare, na tsaya a tsakiya ina ji da kaina, na rera. Tun ban kai rabi ba na ga fuskoki sun fara saki. Barira ta ɗaga hannu za ta tafa, hannun ya tsaya a sama yana jiran wurin sauka bai samu ba. Da na gama, wata ta ce kamar tsohuwa na neman akuyarta. Wata ta ce ta ji barci. Ƙaramarmu ta tambaya ko an yi rasuwa ne a gidan su mai waƙar. Barira kuwa ta kakkaɓe ƙaiƙayi daga zanenta, ta ce, "Ba wurin tafi, Habsu. Ki mayar mata ki karɓo tamu kafin Sallar layya. In ba haka ba, ni zan ba da waƙa." Na ce kunnuwansu ne suka toshe da dusa, na ɗauki taɓaryata na tafi, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san doka tana bayanta.

Kwanakin da suka biyo ban san zama ba. In tafi itace in dawo da rabin ɗauri, in zauna niƙa in tashi ban gama ba, in ɗora tukunya in manta har ƙauri ya fito da Inna daga ɗaki. Dandali nake so, ba zan ɓoye ba, ina son idon gari a kaina ranar Sallah. Amma duk lokacin da na shirya maganar da zan faɗa wa Dije, sai dariyarta ta faɗo mini a rai, maganar ta watse. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma na san ruwan farko na sauka Fulani za su kwashe su yi wajen Tenhya da shanunsu, su tafi da waƙata. Da na ji matan unguwarmu za su kai gero ruga su musanyo nono, na maƙale wa Inna har ta gaji ta ce in bi su, ko gidan ya huta.

Rijiyar ƙauyenmu a kwari take, da hannu muke jan guga muna hira. Ta su Dije a tudu take, in ka leƙa ba ka ganin ruwa sai duhu. Na iske wan Dije tsaye a bakin rijiyar, igiya na bi ta kan wani gungumen ice, ɗaya bakin igiyar ɗaure a jikin sa, Dije riƙe da san. Wan ya girgiza igiya, wasaki, babban gugan fata, ya cika a can ƙasa, sai Dije ta juya wa rijiya baya ta fara tafiya, ta kuma fara waƙar nan da ta ba ni. Nan na tsaya cak da ƙwarya a ka. Kowace gaɓa tana sauka tare da kofaton san. Suka yi ta nisa, shanu na kuka, iska na kwashe murya, har Dije ta zama 'yar ƙarama. Da ta kai 'yar ƙarar nan ta ƙarshe ta tsayar da sa, a daidai lokacin wasaki ya ɓullo bakin rijiya yana zubar da ruwa. Ko waiwaye ba ta yi ba. Da a ce ta wuce nan, da wasaki ya daki ice ya yage, da kuma ta gaza, da ya tsaya rataye inda hannu ba ya kaiwa. Ashe tsawon waƙar tsawon igiyar ne.

Da ta dawo ta gan ni, ta nuna mini gaɓoɓin da uwarta ta ƙara a shekarar da ruwa ya gudu ƙasa aka ƙara igiya. Sannan ta tambaya yaya waƙar ta faɗa wa ƙawayena. Na ce sun ce ba wurin tafi. Ta dubi hannuwanta, ta ce, "Ɗaya na riƙe da sa, ɗaya da sanda. Da me zan tafa?" Ta dube ni da gefen ido. "Mayarwa kika zo?" Na ce nono na zo karɓa. Sai ta miƙo mini igiyar san. Na tafi ina rerawa, zuciyata na cewa waiwaya, na ƙi. Na kai ƙarshe na tsaya, sai na ji an juye ruwa a bayana, shanu sun rufa kansa.

Na koma gida da gudu-gudu ina ɗokin ba su labari. Na kwatanta da hannu, na kwatanta da ƙafa, har na sa ƙaramarmu ta zama sa. Barira ta ce, "To sai ki ɗauko mana rijiyar ki kawo dandali." Na roƙe su mu je su ji da kunnensu, aka yi ta gobe, jibi, har ruwa ya sauka. Da na sake bin masu nono, ba kowa a tudun sai kashin shanu da sawun igiya a ƙasa. Ranar Sallah Barira ta ba da waƙa, ni ina layin amshi, kishi na cin raina kamar in fashe, kuma gaskiya waƙar ta yi daɗi. Ban sake karɓar wurin ba, ban kuma sake ganin Dije ba.

Yanzu jikokina kaset suke musaya. Su kunna, su saurara kaɗan, ɗaya ya ce ba daɗi, su zare su sa wani, ba wanda aka ci wa fuska, ba wanda ya yi tattaki. Ba na ganin laifinsu, da ni ce ma da na fi su zumuɗi. Wani lokaci in gida ya yi shiru nakan ɗauko waƙar Dije, amma numfashina ba ya kai ni ƙarshenta kuma, sai in tsaya a tsakiya ina haki. Duk sanda na tsaya, sai in ji kamar na bar wasaki rataye cikin rijiya, shanu na jira.