Dawar da Ƙwaro Ya Ƙi

Matar ɗana ce. Tun ranar da Monday ya kawo ta gidanmu daga ƙauyensu na Eggon muke kiranta Amarya, kuma sunan ya bi ta har tsufa. Sana'arta dafa burkutu, a wata rumfa bayan garin Keffi, ta hanyar Gitata. A wurin uwarta ta koya, tare da ƙa'ida guda da ba ta taɓa karyawa ba: duk tukunyar da za a buɗe, mai dafawa ce take fara shan ƙwarya a gaban masu saye, don su ga babu mugun abu a ciki.

Monday ya rasu a shekarar 1977. Abin da ya faru kafin nan shi zan faɗa, yadda na gan shi.

A wannan shekarar kuɗin mai ya shigo gari, leburorin titi suka cika rumfarta, dawa ta yi wuya. Monday direba ne. Wata rana ya dawo da buhunan dawar da ya saya a hannun wani baƙo a bakin kasuwa. Na zo wucewa daga makarantar da nake koyarwa, Amarya ta ɗebo ta nuna mini. Ƙwayoyin manya ne, sumul, kamar an wanke su, ko ƙwaro ɗaya babu. Da ta jiƙa ta shimfiɗa, tsiron ya fito gaba ɗaya, fari tas, ba fumfuna. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin tsiro mai kyansa ba.

Amma burkutun ya fito da aibu. Ya tashi, ya yi kumfa, tsaminsa daidai, sai dai bayan an haɗiye akwai wani ɗaci siriri da ke maƙalewa a maƙogwaro. Ta ƙi sayarwa. Ta zubar, ta ba leburori haƙuri, suka koma rumfar wata.

Lokacin tana da ciki, ko warin tukunya ta ji sai amai. Ta fara zargin bakinta, ta ce watakila ɗacin a harshenta yake. Monday ya yi mata dariya, ya ce ɗan nasa tun yana ciki ya tuba da giya, fasto za a yi. Ya karɓi ƙwaryar daga hannunta, ya ce daga yau shi ne harshenta.

Haka suka shiga nema. Ta zargi ruwa, ta bar rijiyar gida ta koma ɗebowa a rafi. Monday ya sha ya ce ɗacin yana nan. Ta zargi tukwanen, ta kankare su da toka da yashi, ta fasa wata tsohuwa mai tsagu. Yana nan. Ta canja itace, ko hayaƙi ne. Ta zubar da ragowar tsohon burkutun da take zubawa don sabo ya tashi, ta roƙo na maƙwabciya. Kowace tukunya sai ya sha cikakkiyar ƙwarya, wani lokaci ya ƙara, domin ɗacin ba ya bayyana a kurɓin farko. Dawar ce kaɗai ba ta zarga ba. Mai dafa burkutu da tsiro take auna dawa, wannan kuwa ta ci jarrabawar.

Wata Lahadi bayan coci na lura hannunsa yana rawa da ya miƙo mini kujera. Ya ce gajiyar tuƙi ce da ciwon kai. A ranar kuma na ga tarin dusar da ta tace a bayan rumfa. Kullum ƙudaje ne baƙi ƙirin a kanta. Ran nan tana nan a fili, ɗanya, babu ko ɗaya. Na tambaye ta, ta ce ita ma ta gani. Ta ce kajin da ke tsattsagarta sun fara tafiya kamar masu maye, biyu sun mutu, ta ɗauka annobar kaji ce.

Washegari da hantsi ta zazzage buhun ƙarshe, ta juya cikinsa waje don ta shanya. A cikin ɗinkin gindinsa akwai wani gari ja-ja. Ta shinshina, ta kawo mini makaranta da ƙafa, da cikinta da komai.

"Baba, duba wannan. Shi ne abin da nake nema."

Iri ne na shuka, wanda aka barbaɗa wa maganin ƙwari. Wani ya wanke launin ya sayar a matsayin abinci. Kafin mu isa gida an kawo Monday daga tasha, ya faɗi yana jijjiga a gefen motarsa. A asibiti aka yi abin da za a iya. Bai farfaɗo ba. Baƙon da ya sayar da buhunan ba a sake ganinsa ba.

Cikin masu sayen burkutunta babu wanda ya sha ko ludayi ɗaya na burkutun wannan dawar. Mutane sun sha faɗa mata haka don su sanyaya mata rai.

Bayan ta haihu ta koma rumfarta, da ita ta riƙe jikata har ta gama makaranta. Ba ta ƙara miƙa wa kowa ƙwaryar farko ba, ko tana zazzaɓi. Na taɓa raka ta kasuwa sayen dawa. Mai hatsi ya buɗe mata buhu mai kyau yana yabonsa, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo ta baza a tafinta, ta mayar. Haka ta bi buhu bayan buhu, har ta kai wanda ta ga ƙwaro yana yawo a ciki. Ta tsaya tana kallonsa, ta tabbatar yana da rai.

"Auna mini wannan," in ji ta.