Madubin Bature da Girata ta Dama

Shekarun baya, zamanin Turawa, ba a daɗe da dawowar sojoji daga yaƙin Bama ba, na taɓa zama maharbi na kwana biyu. Duk wanda ya san ni a Kontagora dariya yake yi in ya ji haka, don ni mutumin zaure ne. A ba ni tabarma da inuwa da mai saurarona, an gama mini komai. Mahaifiyata ma cewa take kunnena ya fi ƙafata yawo, don ina zaune nake sanin akuyar wa ta shiga gidan wa.

Gonarmu tana kan hanyar Ibeto, a gindin wani dutse. Shekarar nan dawa ta yi kyau har kanta ya sunkuya, sai gwaggon biri suka gano mu. Garke guda ne, da wani ƙaton namiji mai ja musu gaba. Kullum da hantsi sai su sauko su karya, su ci, su tattake saura. An buga gwangwani, an yi jifa da majajjawa, duk a banza. Cikin mako guda gefen gabas ya tafi. Dawar nan kuwa ita ce tuwonmu har wata kaka.

Yayana tsohon soja ne, ya yi wa wani Baturen gandun daji aikin riƙe bindiga. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa ita da takardar izininta, haɗe da wani madubin hangen nesa mai kamar guntun rake, wanda ake ɗaura mata a baya. Ga bindiga ga maharbi, amma ciwon ido ya kwantar da shi, ko tafin hannunsa ba ya gani sosai. Sai aiki ya faɗo kaina.

Kwana uku yana koya mini a bayan gari, yana laluba kafaɗata yana gyarawa. Ya nuna mini yadda ake daidaita ɗan ƙarfen bakin bindiga da tsagar da ke baya. Ina kamawa kuwa. Abin da ya ɓata ni shi ne ranar da na zaro madubin nan daga jakarsa na leƙa daga ƙofar zaure. Jama'a, wata mai fura tana can bakin kasuwa, sai ga ta a gabana, har ƙudan da ke bakin ƙwaryarta ina gani. Na miƙa hannu zan kore shi. Ranar ko abincin rana ban ci da kyau ba don murna.

Na ce, "Yaya, wannan zan ɗaura."

Ya ce, "Auta, in biri ya shigo dawa, taku nawa ne tsakaninku?"

"Goma, ko ashirin."

"To madubi na taku ɗari ne zuwa sama. Bature kan sa shi ne in zai harbi gwanki a fili. A cikin kara, ɗan ƙarfen nan shi ne idonka. In kuma ka nace, kada ka manna ido, ka bar tazarar yatsu huɗu."

Na ce na ji. Kunnen da ke jin takun akuya, wannan maganar dai ta wuce shi.

Washegari muka tafi da abokina, wani Bakambare da gonarsa ke jikin tamu. Yana ganin madubin ya ce, "Yau birai sun ga ta kansu, Baturen zaure ya fito." Na shiga dawa na durƙusa. Can sai na ji kara na karyewa a dama. Na juya, ga ƙaton nan a zaune, bai fi taku goma ba, yana ɓarzar dawar mahaifiyata kamar shi ya nome ta.

Na ɗaga bindiga na leƙa. Babu biri. Duniya gaba ɗaya ta zama gashi, ruwan ƙasa, ban san ina kai ina gindi ba. Ni kuwa da na saba leƙen maƙwabta ta hudar zana, abin da na sani shi ne in ba ka gani da kyau, matsawa ake yi. Na manna ido tsam, na ja kunama.

Harsashi ya tafi ya sare zangarniya uku. Bindiga kuma ta zabura baya, bakin madubi ya dawo ya sare girata. Na faɗi zaune, jini ya rufe mini ido ɗaya. Da ɗayan na ga birin ya koma kan dutse ya zauna yana kallona, dawar na hannunsa, ko yar da ita bai yi ba.

Abokina ya zo yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Sannu maharbi. An samu nama, amma naka ne."

A gida mahaifiyata tana gasa mini wurin da ruwan zafi, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Dawar da ta rage ba za ta kai mu bazara ba in suka ƙara mako." Wannan ya fi ciwon zafi. Yayana ya laluba bindigar ya kwance madubin, ya ce, "Gobe ka ba abokinka ya hau rumfar tsaron gona da shi. Shi ya ga nesa, kai ka ji kusa."

Haka aka yi. Abokina na sama da madubi a ido, yana gaya mini ƙasa-ƙasa, "Sun taso. Mai gidan na gaba. Ya bi ta wajen tsamiya." Da suka shige dawa ya daina ganinsu, sai kunnena ya karɓi aiki. Karan da ƙananan ke karyawa daban, na ƙaton daban, nauyinsa ma ji ake yi. Na juya bakin bindiga tun bai fito ba. Yana leƙowa na ɗora ɗan ƙarfen a ƙirjinsa, ido biyu a buɗe, ɗaya ma a kumbure. Harbi ɗaya ya faɗi. Sauran suka haye dutse da ihu, ba su ƙara saukowa ba har muka yi girbi.

Na shigo gari ina ba da labari tun daga bakin ganuwa, wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Daga ranar kuma ban sake taɓa bindiga ba, na koma tabarmata.

Abin da na ɗauka shi ne, kafin ka zaɓi abin aiki ka fara tambayar taku nawa ne tsakaninka da aikin. Ni kyan madubin na duba, ban duba gonar ba. Tabon yana nan, ya raba girar gida biyu. In jikokina suka tambaya nakan ce na farauta ne, ban kuwa yi ƙarya ba. Mahaifiyata dai har ta bar duniya, in ta ɗebo dawa daga rumbu sai ta dube ni ta ce, "Auta, matso ka leƙa, amma ka bar yatsu huɗu."