Hambali da Motar Surukinsa

Ana idar da sallar asuba Hambali bai koma gida ba. Ya hau babur ya bi hanyar kanal ta wajen Bunkure, ya tsaya a kwanar da motar surukinsa ta kife jiya da la'asar. An riga an janye motar da tarakta. Tumatir ne kawai ya rage, ja wur tun daga kan hanya har cikin gonar albasar da ke ƙasa, da karyayyun kwanduna. Bai tsaya kallonsu ba. Ya naɗe wando ya shiga taɓo yana lalube da hannu, har ya taɓo abin da ya zo nema, wani dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai fi tafin hannu ba. Ya wanke shi a ruwan kanal, ya juya shi, ya ga gefen da ya goge ya zame. Shi ya yanka shi, shi ya sa shi a motar. Ya waiga hagu da dama, ya jefa shi a aljihu.

Hambali bakanike ne a Kura, aikinsa ƙasan mota. Ni facin taya nake yi a rumfar da ke jikin garejinsa tun gashin kanmu yana baƙi, abin da ban gani da idona ba shi ya gaya min daga baya, a guntule, yadda ya saba.

Ubansa manomin shinkafa ne, gonar ba ta isa a raba ba, sai Hambali ya tafi Kano yana matashi ya koyi aiki wajen masu gyaran sifirin, ƙarafan nan da ke ɗaukar nauyin mota. Ya dawo daidai lokacin da akori-kura ta fara yawa a hannun manoman rani. Motocin nan ba don kayanmu aka ƙera su ba. A loda mata buhunan shinkafa shanshera ko kwandunan tumatir hawa-hawa, sai gindinta ya zauna, hancinta ya kalli sama, taya tana gugar jiki, sitiyari yana rawa a hannun direba. Abin da Hambali yake yi shi ne ya ƙara falle a sifirin baya, ya sa bulon ƙarfe guda ɗaya tsakanin sifirin da aksil, sandar da ke riƙe tayoyi, don motar ta ɗan tashi, sannan ya ɗaga gaba har ta daidaita. Ya duba tiyon birki kada ya yi gajarta. Kuma ba ya sallamar mota sai an loda mata kaya a gabansa ya ga yadda ta tsaya.

Dokarsa ɗaya ce, duk Kura an san ta. Ba a ɗora bulo a kan bulo. Na sama ba shi da abin kamawa, yau ko gobe sai ya zame.

"Oga Hambali, ƙara min ɗaya a kai mana, ta ƙara tsayi," in ji mai mota.

"Mota kake so ko hasumiya?"

"Ai kuɗina ne."

"To kwashi kuɗinka da motarka ka je inda ake kashe mutane. Nan gyara muke yi."

Har wani kansila ya taɓa kora da irin wannan maganar, mutumin ya tafi yana huci, Hambali ya koma ƙarƙashin mota yana cewa a miƙo masa sifana. Bakinsa ba daɗi, amma motar da ya gyara ba ta dawowa, shi ya sa ake jure shi.

Mutum ɗaya ne duk duniya wannan bakin ba ya buɗewa a gabansa, Alhaji Jaji, mahaifin matarsa Raliya, babban manomin tumatir a wajen Bunkure. Kowa yana jin kunyar surukinsa, amma ta Hambali ta yi yawa. Lokacin da ya nemi Raliya dangi sun ce ina za a kai yarinya gidan mai baƙin mai, Alhaji ya ce shi ya ga hannun yaron, ya ba shi. Tun daga ranar Hambali bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya hango shi a hanya sai ya sauka daga babur, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Kalmarsa a gabansa ba ta wuce "To, Baba."

Bana, ana gab da fara ɗiban tumatir, Alhaji ya zo garejin da kansa, direbansa Mika'ilu yana tuƙa shi. Motar nan Hambali ya riga ya ɗaga ta tun bara, bulo ɗaya, tana tsaye daram. Hambali ya fito daga ƙarƙashin wata mota da sauri, ya watsar da silifas, ya tsuguna a cikin baƙin mai.

"Malam Hambali, ka ga sabuwar motar Tambaya maƙwabcina?" in ji Alhaji. "Tawa in ta tsaya kusa da ita kamar akuya a gefen raƙumi. Masu ɗiba har dariya suke min. Kuma ga ramin nan na bakin gonata, kullum sai ta goga gindi. A ƙara mata tsayi."

Motar Tambaya da dogon sifirinta aka sayo ta, ba bulo aka jera mata ba. Irin wannan sifirin sai an yi oda, ba ya zuwa a kwana kusa. Hambali ya san duk wannan. Ina kallon bakinsa yana motsi.

"Asabar za a fara ɗiba," in ji Alhaji. "Za ta samu?"

"To, Baba."

Da yamma na ga yana yanka ƙarfe. Na leƙa na ce, "Hambali, bulo kan bulo?"

"Yi facinka," ya ce, bai ɗago ba.

Ya ɗaure notinan iya ƙarfinsa, ya sake ɗaurewa, har sifana tana lanƙwasa. Da ya koma gida ya yi abin da surukai suke yi in magana ta yi nauyi, ya bi ta hannun mata. Ya ce wa Raliya ta gaya wa mahaifinta aikin nan ba mai ɗorewa ba ne, a rage kaya, kuma da an yi ɗiba ɗaya a dawo da ita ya cire. Raliya ita ma ba za ta tsaya gaban ubanta ta ce mijinta ya ce abin da ya nema kuskure ne ba. Ta gaya wa mahaifiyarta, ta rage kaifin maganar. Uwar ta ƙara ragewa. Abin da ya isa kunnen Alhaji shi ne, Hambali yana gaisuwa, ya ce a riƙa tafiya a hankali.

"Ka ji dai," Alhaji ya ce wa Mika'ilu. "A hankali."

Motar ta yi 'yan sawu lafiya zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Ran nan da la'asar, da kaya hawa uku, a kwanar da hanya take karkata wajen gona, bulon sama ya zame, aksil ya goce, motar ta kwanta ta gangara. Allah ya tsare, Mika'ilu ya fito ta taga da tsaga a goshi kawai. Alhaji ya iso ya ga gumin wata da watanni a cikin taɓo, ya kore shi a gaban jama'a.

"Surukina sai da ya aiko da gargaɗi," ya ce. "Ka ƙi ji. Ba ni mukullina."

Kashegarin ranar ne Hambali ya je ya tsinto ƙarfensa da asuba.

Labari ya zaga cewa Mika'ilu ɗan ganganci ne. A tsakiyar kakar tumatir, lokacin da ko wanda bai iya ribas ba yana samun mota, shi ba wanda ya kira shi. Yana da mata da 'ya'ya, ba shi da gona, tuƙin nan ne abincinsa. A gefe guda kuma sunan Hambali sai ƙara tashi yake. Alhaji duk inda ya zauna sai ya ce surukinsa ya hango abin tun kafin ya faru. Mutane suna zuwa garejin suna cewa, "Kai, Oga, ashe har duba kake yi!" Hambali sai ya shige ƙarƙashin mota ya daɗe bai fito ba, ko ƙarar sifana ba ka ji.

Mika'ilu ya zo wata rana da filasta a goshi, ya tsaya a bakin garejin bai shiga ba.

"Oga, wallahi a giya ta ɗaya nake. Ko mai keke zai wuce ni. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙasa kafin ta kwanta. Kai ka san ƙasan mota. In ka faɗa masa zai yarda."

Hambali yana goge hannu da tsumma. Ya goge, ya sake gogewa.

"Allah ya kiyaye gaba," ya ce.

Mika'ilu ya dube shi, ya dube ni, ya juya ya tafi. Ƙarfen yana aljihun Hambali a lokacin, ina ganin nauyinsa yana jan rigar gefe ɗaya.

Daga ranar faɗansa ya mutu. Wani yaro mai sabuwar mota ya zo yana neman bulo biyu, muka gyara zama za mu ji ruwan zagi. Hambali ya ce a hankali, "Ba kyau," ya ba shi baya. Ya daina zama shan shayi da mu. In an idar da salla shi ne farkon fita.

Alhaji ya sa aka jawo masa motar don gyara, ya aiko da saƙo a mayar da ita yadda take, har da tsayinta. Hambali ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, ya sauya abin da ya karye, ya sa bulo ɗaya kowane gefe. Gyara ya ƙare, motar ta zauna a garejin, ya kasa kai ta.

Raliya ce ta tsinci ƙarfen da za ta wanke rigar.

"Wannan fa, Malam? Ya kusa fasa min bahon wanki."

Ya gaya mata. Ta ajiye sabulu.

"Matar Mika'ilu ta ganni a gidan suna ta kau da kai, ina ta mamaki. To sai ka je ka faɗa wa Baba."

"Ki gaya wa Inna ta..."

"A'a. An bi ta nan sau ɗaya, ka ga inda ta kai mu."

"Da wane bakin zan faɗa masa?"

"Da wanda ka kori kansila da shi. Ko aronsa ka yi?"

Washegari da safe ya ce in rufe rumfa in raka shi. Bai ce don me ba. Muka shiga motar Alhaji, muka biya ta gidan Mika'ilu, ya yi sallama, ya ce, "Shiga baya." Mika'ilu ya shiga ba tare da gaisuwa ba.

Mun sami Alhaji a bakin gona a kan tabarma, masu ɗiba sun cika kwanduna sun jera suna jiran motar haya. Hambali ya tsayar da mota nesa kaɗan, ya sauka, ya taka har gaban tabarmar, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna. Suka gaisa. Alhaji yana kallon motar ta saman kansa, sannan ya ga wanda ya sauko daga bayanta, fuskarsa ta canza.

Hambali ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙarfen, ya ajiye a ƙasa a gaban tabarmar. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da masu ɗiba suka yi shiru.

"Baba, wannan ne ya kayar da motar. Ni na sa shi. Na san ba a sawa, na sa. Ko wa yake tuƙi sai ta faɗi. Mika'ilu ba shi da laifi."

Alhaji ya ɗauki ƙarfen ya juya shi a hannu. Ya daɗe yana juyawa.

"Me ya hana ka faɗa min ranar da na zo?"

Hambali ya ƙara sunkuyar da kai. Gumi yana ɗiga daga hancinsa zuwa ƙasa.

"Saƙon da aka kawo min ba haka yake ba," in ji Alhaji. Ya sake duban motar. "Ta koma akuya ke nan."

"E, Baba."

"Na ce a mayar da ita yadda take."

"Ba zan mayar ba, Baba. Haka za ta zauna."

Wata tsohuwa cikin masu ɗiba ta ce, "La ilaha illallahu," wani ya ce mata ta yi shiru. Ni kaina sai na kama kallon ƙasa. Alhaji ya ajiye ƙarfen a gefen butarsa. Shi ma ba ya kallon kowa, don a gaban waɗannan mutanen ya kori Mika'ilu.

"Ku tsaya kallona tumatir ya nuna a kwando," ya ce wa masu ɗiba. "Ku loda."

Aka loda, aka gitta katako, aka ɗaure. Motar ta ɗauki kayan ta tsaya daidai, gaba da baya. Hambali ya dawo ya tsuguna ya miƙa mukulli da hannu biyu. Alhaji bai karɓa ba. Ya nuna Mika'ilu da haɓa, ya ɗauki carbinsa.

Mika'ilu ya karɓi mukullin, ya shiga, ya tayar, amma bai sa giya ba. Hanyar fita ɗaya ce, sai ta wannan kwanar. Ya leƙo ta taga, tabon goshinsa yana sheƙi.

"Oga, ka tabbata wannan karon?"

Hambali ya miƙe. Ya zagaya ta gefen da motar ta kwanta ranar, ya taka taya, ya hau ya tsaya a bakin bodi, ya riƙe ƙarfen da ake ɗaure kwanduna. Takalmansa suna can gaban tabarmar surukinsa, bai koma ya ɗauka ba. Ya buga rufin motar da tafin hannu, Mika'ilu ya sa giya, suka nufi kwanar.